Ɗigon ruwan goro a tsakanin yatsun karya: amsa ga mai kiwon tumaki a Ingila

Wani ɗan'uwa da ke aiki a wata gonar tumaki a tuddan Sussex, kudancin Ingila, ya aiko da wannan tambaya, na ɗan taƙaita ta: "Likita, barka da aiki. Akwai karyar da muke kora tumaki da ita, irin da ake kira Border collie, shekararta 4, nauyinta kilo 18. Tun tsakiyar watan Agusta take lasar ƙafafunta tana gwaguya, har dare ba ta barci. Na buɗa yatsunta na ga wasu ɗigo-ɗigo ruwan goro kamar an barbaɗa yaji. Mai gonar ya ce duk shekara haka take yi, a ƙyale ta. Muna da maganin zubawa a bayan tumaki da kuma ivermectin a sito, in yi mata da su kamar yadda muke yi a gida? Ni ma ƙuguna da ƙwaurina sun fara ƙaiƙayi, ko ita ta shafa mini?"

Barka kadai, ƙanena. Kafin komai, ka bar abin da ke sito a sito. Zan dawo kan dalili.

Abin da ka gani, da wata da wuri da irin launin da ka faɗa, kusan duk alamunsa na wani ɗan ƙwaro ne da masana ke kira Neotrombicula autumnalis. In ka je asibitin dabbobi ka ce musu harvest mite za su gane nan take. Ni a nan zan riƙa ce masa ƙwaron kaka, tunda sunan nasa na Turanci ma daga lokacin girbi ya samo asali. Faransawa suna ce masa aoûtat, daga sunan watan Agusta a harshensu, mutanen Sikotilan kuma suna danganta shi da lokacin tsinkar 'ya'yan itatuwan daji. Kowa dai da lokaci ya san shi. A Ingila yakan fara bayyana daga Yuli, ya yi ƙarfi a Agusta da Satumba, ya ja da baya idan sanyi ya sauka wajen ƙarshen Oktoba ko Nuwamba. Yana son ƙasa mai alli, kuma tuddan da kake kiwo a kansu alli ne zalla a ƙarƙashin ciyawar. Ka faɗa gidansa ke nan.

Ɗan'uwan kaska ne na nesa, ba dangin ƙuma ko kwarkwata ba. Manyansa masu ƙafa 8 a cikin ƙasa suke rayuwa, suna cin ƙananan ƙwari da ƙwayayensu, babu ruwansu da kare ko mutum. Uwar takan zuba ƙwai a ƙasa, ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su fito da ƙafa 6, girman kowane bai kai sulusin milimita ba. Waɗannan 'ya'yan su kaɗai ne masu cizo, kuma sau ɗaya tak suke buƙatar jikin dabba a duk rayuwarsu. Sukan hau kan ciyawa ko ɗan tudun ƙasa su taru a dunƙule da rana in gari ya yi ɗumi, su jira duk abin da ya gifta: ɓera, zomo, tsuntsu, tunkiya, kare, ko kai.

Yadda yake cin abinci shi ne mabuɗin fahimtar maganin, don haka bari in ɗan tsaya a nan. Ba ya shan jini irin na kaska, ba ya kuma haƙa rami ya shige cikin fata irin ƙwaron ƙazwa. Yakan kafa bakinsa a saman fata inda take da laushi, ya tsarta wani yawu mai narkar da ƙwayoyin fata, ya tsotse abin da ya narke. Fatar da ke kewaye da yawun sai ta taurare ta zama wani ɗan siririn bututu, kamar tsinken shan lemo, ta nan yake ci gaba da tsartawa da tsotsewa. Bayan kwana 2 zuwa 5 galibi, ya ƙoshi, sai ya saki ya faɗi ƙasa ya ci gaba da rayuwarsa. Amma bututun da ragowar yawun suna nan cikin fata, jiki yana yaƙi da su. Shi ya sa ƙaiƙayin yakan wuce ƙwaron da mako guda ko biyu. Kuma karnuka sun bambanta matuƙa: akwai wanda za ka ga dunƙulen ƙwari a kunnensa yana kwance abinsa ko a jikinsa, akwai wanda guda biyar sun isa ya cinye ƙafarsa har jini. Na biyun jikinsa ya riga ya ɗauki yawun a matsayin abokin gaba, kuma irin wannan kare yawanci kowace kaka abin ƙaruwa yake. Karyarku da ke yi duk shekara tana cikin wannan rukuni.

To ka ga mai gonar yana da rabin gaskiya. Ƙwaron zai tafi da kansa, ba ya haihuwa a jikinta, ba ya zama a ɗakin kwananta, kuma sanyi zai kawo ƙarshensa. Inda na saɓa da shi shi ne batun a ƙyale ta. Kullum ta fita sababbi suke hawa, kullum kuma harshenta da haƙoranta suna kan wuri ɗaya. Yawancin ɓarnar da nake gani a ƙafafun karnuka a watan Satumba aikin bakin karen ne: gashi ya zube, fata ta yi ja ta jiƙe, ƙwayoyin cuta da ke zaune a fatar lafiya lau su samu ƙofa. Mako 8 ko 10 na wannan ba ƙaramin abu ba ne ga dabbar da ƙafarta ce jarinta.

Shekarata ta farko da fara aiki a ƙasar nan wannan ƙwaro ya kunyata ni. An kawo mini wani ɗan kare yana cizon ƙafa, na duba sama-sama, na ga ɗan ja-ja a gindin farce, na ɗauka busasshen jini ne daga gwaguyar. Na ce borin jini ne na ciyawa, na rubuta magani. Wata ma'aikaciyar jinya da ta girme ni a aikin ba ta ce komai ba, ta yanko salatif, ta danna shi a wurin, ta manna a gilashi ta tura ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ce in leƙa. Sai ga su, wajen guda goma, jikinsu kamar ɗigon manja, kowane da ƙafa 6 masu gashi-gashi, biyu daga ciki har suna motsa ƙafa a cikin danƙon. A makaranta mun karanta shi a layi biyu muka wuce zuwa kaska da sammore, abin da ya dame mu a gida. Tun daga ranar, duk karen da ya shigo da ƙaiƙayi tsakanin Yuli da Nuwamba sai na buɗa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Kai ma haka za ka yi, da tocila, a wuri mai haske. Ka zaunar da ita, ka ɗaga dagin, ka ware kowane yatsa har ka ga fatar da ke can ciki, sama da ƙasa, sannan gindin kowane farce, har da ɗan farcen nan na gefe da ba ya taɓa ƙasa. Daga nan ka koma kunne. A gefen kunnen kare ta waje, kusa da gindinsa, akwai wata 'yar ninkewar fata kamar ƙaramin aljihu. Ka buɗa ta da yatsa, nan ne maɓoyarsu ta biyu, kuma mutane da yawa ba su ma san aljihun yana nan ba. Sai hammata, mara, kewayen nonuwa, matsematsi, haɓa, gefen leɓe da fatar ido. Ɗigon ba ya gogewa da yatsa cikin sauƙi yadda ƙura ko garin fure ke gogewa. Idan ka ga sun dunƙule wuri guda, ka ɗauki hoto da waya kafin ka wanke, domin ranar da za ka samu ganin likita mai yiwuwa sun riga sun faɗi, sai ɓawon ciwo kawai.

Akwai abubuwan da ke kama da shi a irin wannan lokaci, kuma ba na so ka kama ɗaya ka saki sauran. Mafi haɗari a ƙafa shi ne tsinin ciyawa. Busasshen kan ciyawar nan mai kama da kibiya yakan soki tsakanin yatsu ya yi ta nutsawa ciki, ya fi ƙarangiya mugunta domin ita a waje take tsayawa. Alamarsa ƙafa ɗaya ce, kumburi guda mai ɗan rami yana fitar da ruwa, da ɗingishi. Wannan sai an ciro shi, babu feshin da zai yi. Idan kuma gefen kunnuwa da gwiwar hannu ne suka yi ɓawo, gashi yana zuba, ƙaiƙayin bai san kaka ko hunturu ba, to a yi zargin ƙazwar da karnuka ke ɗauka daga yanyawar dajin Ingila, wato fox. Karnukan gona da ke kwana a keji mai daɓen ƙasa ko ciyawa mai laima sukan samu wata tsutsar hanji da 'ya'yanta ke huda fatar tafin ƙafa, ita ma tana sa lasa. Sai kuma ƙuma, wadda ta fi son gindin wutsiya da gadon baya. Tunda kai ka ga ɗigon da idonka a ƙafafu fiye da ɗaya, na fi karkata ga ƙwaron kaka, amma salatif da madubi aikin minti biyar ne, ka bari a tabbatar.

Yanzu magani. Abin da za ka iya farawa yau ba tare da jiran kowa ba shi ne wanki. Duk lokacin da ta dawo daga kiwo, ka tsoma ƙafafunta a bokitin ruwa mai ɗan ɗumi, ka cuɗa tsakanin yatsun da hannu ko tsumma mai laushi, ka goge mara da hammata da aljihun kunnen da jiƙaƙƙen tsumma. Ƙwaron yakan ɗan yi yawo a jiki kafin ya kafa baki, don haka wankin da aka yi da wuri yana zubar da da yawa. Waɗanda suka kafu ma ba su da riƙon kaska, sabulun wankan kare da ɗan gurzawa yana ɗaga su. Kada ka bi su da allura ko hantsaki. Sannan ka tsane ƙafar sosai, musamman can cikin yatsu. Wannan tsanewar mutane ke rainawa, alhali ƙafar da aka bari a jiƙe kullum ita ce ke komawa tana wari, domin akwai wani nau'in yis da ke zaune a fatar kare wanda laima ke haukata shi.

Sai maganin kashe ƙwaron. Gaskiyar da likitanku zai faɗa maka ita ce a Ingila babu wani magani da aka yi wa rajista musamman domin wannan ƙwaro a jikin kare. Abin da muke yi shi ne aron magungunan ƙuma da kaska da aka ga suna kama shi. Wanda ya fi daɗewa a hannunmu shi ne fipronil na feshi, mai ƙarfin kashi 0.25 cikin ɗari, irin Frontline na kwalba. Ka lura na ce na feshi. Wanda ake ɗigawa a ƙeya, ko da sunan ɗaya ne, ba ya isa tsakanin yatsu da ƙarfin da ake buƙata, shi ya sa za ka ji mutum yana rantsuwa ya sa wa karensa magani makon jiya amma ga ƙwari nan. Awon duk jiki mililita 3 zuwa 6 ne a kowane kilo, wato ga karya mai kilo 18 tsakanin 54 da 108, kuma takardar kwalbar ta ce a bar mako 4 tsakanin feshi da feshi. A lokacin da ƙwaron ya yi yawa, likitoci da dama sukan ba da izinin maimaitawa a ƙafafu da mara kawai duk mako 2. Wannan hukuncin likitan da ya ga karyar ne, kada ka yanke shi da kanka.

Yadda ake shafawa ya fi yawan maganin muhimmanci. Ka sa safar hannu ta roba, ka yi a waje inda iska ke kaɗawa. Ga ƙafa da kunne, ka fesa a tafin safar sannan ka murza cikin gashin har fata. Kada ka nufi fuskarta da kwalbar. Akwai sinadarin da ke kama wuta a ciki, don haka ba sigari, ba kusa da murhu ko hita har sai ta bushe. Inda fata ta riga ta tsage zai yi mata zafi kamar an zuba barkono, ka kewaye wurin. Ka riƙe ta kada ta lasa sai ya bushe. Kwana 2 kafin da kwana 2 bayan feshi ba wanka da sabulu, a ranakun ka wadatu da goge ƙafar da busasshen tsumma, kuma kada ta shiga rafi ko kududdufi a wannan tsakanin. Wannan ba don ita kaɗai ba: fipronil guba ne ga ƙwarin ruwa, kuma binciken da aka yi a kogunan Ingila ya same shi a kusan duk inda aka ɗebi ruwa. Kada kuma ya taɓa zomo, yana kashe su, kada ya kusanci kaji ko tumaki. Shi ne maganin da aka samu a ƙwan kaji a Holan da Beljiyam a 2017 har aka kwashe miliyoyin ƙwai daga kantuna.

Hanya ta biyu, wadda ni na fi so ga kare mai aiki a cikin raɓa da laka, ita ce ƙwayoyin taunawa na zamani irin NexGard, Simparica, Credelio da ake bayarwa wata-wata, ko Bravecto mai kai mako 12. Suna bin jini ne zuwa fata, ruwa ba ya wanke su, kuma suna isa tsakanin yatsu yadda suke isa ko'ina. Rauninsu shi ne sai ƙwaron ya ciza kafin ya mutu, don haka karen da jikinsa ke bori da yawun zai ɗan ji ƙaiƙayi duk da haka, sai dai ya ragu sosai. Akwai tambaya ɗaya da dole ka yi wa mai gonar kafin a ba ta: ta taɓa farfaɗiya? A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wannan dangin magani na iya tayar da karkarwa ko farfaɗiya a wasu karnuka, kuma Border collie na cikin jinsunan da farfaɗiya ke yawan samu. In ta taɓa, a koma ga feshi. Akwai kuma masu permethrin, waɗanda ke da ɗan korar ƙwaro kafin ya ciza, amma in akwai kyanwa a gonar, kuma ban taɓa ganin gonar Ingila da babu ba, a yi hattara ƙwarai: permethrin na kare yana kashe kyanwa, ko da kwanciya ta yi a jikin karen kafin ya bushe.

Mu dawo sito. Na san daga inda tunanin ya fito, domin ni ma can na tashi. A gida in kare ko akuya ta yi ƙazwa, sai a nemo ivermectin a tsira, in babu a shafa baƙin mai ko kananzir, wani ma har fiya-fiya yake tsarmawa da ruwa. Wasu dabbobin sun warke, an kuma binne da yawa ba a lissafa ba. Ga wannan karya ta musamman, ivermectin na tumaki abin gudu ne. Karnukan dangin collie suna iya gadon wata tawaya a ƙwayar halitta da ake kira MDR1, wadda masu bincike a Jami'ar Jihar Washington suka gano a 2001. Aikin wannan ƙwayar halitta shi ne tsare ƙwaƙwalwa daga wasu magunguna. In ta samu tawaya, ivermectin yakan tsallaka ya taru a can, sai dalalar miyau, tangaɗi, makanta, suma, wani lokaci mutuwa. Tawayar ta fi yawa a manyan collie masu dogon gashi, a Border collie ba ta kai haka ba, amma ba a gane mai ita da ido sai da gwaji. Ko babu tawayar ma, ruwan maganin tumaki yana da ƙarfin da ɗan kuskuren awo ya isa ya kwantar da kare mai kilo 18. Ka ma riƙa kula da inda yake zuba ranar ɗurawa tumaki, karnuka suna lashe shi a ƙasa. Na zubawa a baya da na wankan tumaki kuwa an haɗa su ne don dabba mai ulu wadda ba ta lasar jikinta. Ita wannan yini take da ƙafa a baki. Duk abin da ka zuba a yatsunta, ka ɗauka ɗura mata ka yi.

Haka nan man tea tree da ake tallatawa a intanet a matsayin na gargajiya, shi ma guba ne ga kare in bai da tsarmi. Ibuprofen ɗinka kuma kada ka ba ta ko rabin ƙwaya, yana huda musu ciki yana taɓa ƙoda.

Ɓangaren da aka fi mantawa, wanda ni a wurina shi ne rabin aikin, shi ne kashe ƙaiƙayin. Ko ka kashe ƙwari duka yau, bututun nan suna ciki, za ta ci gaba da gwaguya. Idan wuraren kaɗan ne kuma fata ba ta tsage ba, akwai feshin hydrocortisone na karnuka, irin Cortavance, sau ɗaya a rana har kwana 7, yana aiki a fata ba ya shiga jiki sosai. Idan abin ya kai yadda ka kwatanta, ba barci, to ƙwaya ce: ko dai prednisolone na 'yan kwanaki, wanda ke da araha kuma yana yanke ƙaiƙayi cikin yini guda, ko Apoquel ga karen da ya haura wata 12, ko allurar Cytopoint mai riƙewa kusan wata. Prednisolone zai sa ta yawan shan ruwa da fitsari da yunwa da haki, kada ka tsorata, amma ka tanadar mata ruwa a wurin kiwo. Ga wani tarko da ke kama karnukan gona: da yawansu suna kan maganin ciwon gaɓɓai irin meloxicam, mai gida yana ɗiga musu a abinci ba tare da ya ɗauke shi wani abin faɗa ba. Haɗa shi da prednisolone yana iya jawo gyambon ciki mai zubar da jini. Ka tambaya, ka faɗa wa likita. Piriton, maganin borin jini na mutane da wasu ke ba karnuka kuwa, ga irin wannan ƙaiƙayi tasirinsa kaɗan ne, sai dai ya ɗan sa ta gyangyaɗi.

Sannan ka sansana ƙafar. In tana wari, ko akwai maiƙo mai launin ƙasa a gindin farce, ko ƙuraje masu mugunya, ƙwayoyin cuta sun riga sun shiga. Mafi yawan irin wannan ba sai an kai ga maganin sha ba; sabulu ko ruwan chlorhexidine mai ƙarfin kashi 2 zuwa 4 ya isa, a bar kumfar minti 10 a ƙafar kafin a ɗauraye. Minti goman nan ka duba agogo, domin mutum in yana riƙe da kare mai zillo, minti biyu sai ya ga kamar goma. In yatsun sun kumbura, tana ɗingishi, ko ruwa mai jini yana fita, ciwon ya nutsa, sai likita ya duba. Da dare ka sa mata robar wuyan nan mai kama da mazurari. Za ta yi fushi, ta yi ta karo da bango daren farko, amma dare uku ba lasa yana gyara abin da mako guda na magani ba zai gyara ba. Safa a ƙafa ban cika so ba, sukan jiƙe, wasu karnukan kuma haɗiye su suke yi.

Masu karnukan gida ana ce musu su canja wurin yawo, su fita da sassafe ko bayan faɗuwar rana. Kai ba ka da wannan zaɓi, inda tumaki suke nan za ta. Amma akwai abin da zai taimake ka: ƙwaron ba ya bazuwa daidai a fili. Tsibiri-tsibiri yake zama, wani ɗan wuri da bai fi tabarma biyu ba ya cika maƙil, taku goma gaba babu ko ɗaya. Ya fi son gefen shinge, gindin ƙaya, bakin kurmi, da wuraren ramukan zomaye. Kare mai gudu bayan tumaki bai cika kwasa ba kamar wanda ya kwanta. Don haka ka lura da inda take zubewa ta huta da tsakar rana lokacin da kuke gyaran shinge ko cin abinci. Sau da yawa wuri ɗaya ne kullum, a inuwar shinge ɗaya. Ka mayar da hutun nata bayan mota ko kan daɓen siminti, ka sassabe ciyawar kewayen kejinta ƙasa-ƙasa, aikin da za a iya ɗagawa zuwa safiya a ɗaga. Fesa wa fili magani ɓarnar kuɗi ce, ga tumaki suna ci.

Ƙaiƙayinka kuwa ba daga ita ba ne, ciyawa ɗaya kuka shiga. Wanda ya riga ya kafa baki a jikinta ba ya saki ya koma kan mutum. A jikin ɗan Adam yakan hau ta ƙafa ya yi ta tafiya har ya iske inda tufa ta matse, shi ya sa ƙurajen ke jeruwa a bakin safa, bayan gwiwa, mazaunin bel da hammata, kuma sai bayan wasu sa'o'i ƙaiƙayin ke tashi, ya fi tsanani cikin dare. Ka cusa ƙafar wando cikin safa, ka fesa maganin sauro mai DEET a takalmi da bakin wando, ka yi wanka da sabulu da zarar ka shigo, kayan aikin a wanke su da ruwan zafi. Man hydrocortisone na kantin magani ya isa ga ƙurajen. In ka shiga intanet za ka ga Amurkawa suna kiran nasu nau'in chigger, kada sunan ya sa ka zaci jiga ce, wadda ke shiga ƙarƙashin farcen ƙafa ta kumbura a ciro ta da allura. Ita jiga ƙuma ce, ba su haɗa komai ba sai kamannin suna. Za ka kuma ga labarin zazzaɓin da dangin wannan ƙwaro ke yaɗawa. Wannan galibi a Asiya ne da arewacin Ostareliya, na Ingila ba ya ɗauke da shi.

Abu ɗaya ne zai sa in ce ka ajiye komai ka sa ta a mota. Tun wajen 2010 aka lura da wata cuta da ke kama karnuka tsakanin Agusta da Nuwamba bayan sun shiga kurmi, aka fi samunta a gandun Sandringham da dajin Thetford a gabashin Ingila, da dajin Sherwood da Clumber Park a tsakiyar ƙasar. Cikin kwana 1 zuwa 3 sai amai, zawo da mutuwar jiki, wasu karnukan sun mutu a shekarun farko kafin likitoci su farga. An sha samun ƙwaron kaka a jikin waɗanda suka kamu, shi ya sa ake zarginsa. Ba yankinku ta fi yawa ba, kuma wanda aka kai da wuri aka ɗaura masa ruwa yawanci yana tashi cikin mako guda ko kwana 10. Amma kare mai ɗigon ruwan goro da ya fara amai ya ƙi abinci, ba a kwana da shi a gida.

Tunda ta nuna tana yi duk shekara, baɗi kada a jira ta fara lasa. A fara ƙwayar ko feshin tun farkon Yuli, a ci gaba har sanyin farko mai daskarar da raɓa ya sauka. Idan kuwa Disamba ta shiga tana nan tana cin ƙafa, to akwai wani abu a ƙarƙashi, galibi borin jini na ƙura ko abinci, ƙwaron kaka ya zo ne ya hau kai, sai a sake bincike daga farko. Gobe in za ku asibiti ka tafi da hoton, da sunan duk maganin da aka ba ta cikin wata 3 da suka wuce, har da na tsutsar ciki. In mai gonar ya yi ƙorafin kuɗi, ka tambaye shi wa zai tattaro masa tumaki daga kan tudu ranar da ta kasa taka ƙafa.